Ɓangaren Dama na Jirgin Baba

Baba ne ya raba jirgin kamun kifinmu gida biyu. Ya tsaya a gaban hancin jirgin da alli a hannu, ya ja layi.

"Hagu na Sakka, da jan fentin da muka saba. Dama na Taju, da nasa na ƙashin kifi. In damina ta wuce mu fito da shi mu gani. Wanda nasa ya riƙe, shi zai riƙe jirgin."

Ni ne Sakka. Taju ƙanena ne. Tare muka gama sakandare a nan Makassar, tare muka yi kwasar kai da hanji a kamfanin kifin gwangwani. Sai wasu malamai masu bincike suka zo neman mai tara musu ɓawo da ƙashi, suka ɗauke shi. Suna dafawa, su shanya, su niƙa, su zuba cikin fenti, wai gishirin teku ba zai ci ƙarfe ba. Tun daga nan Baba ba shi da zance sai Taju. A wurin cin shinkafa, tsokar cikin kifi gabansa ake turawa.

Daeng Rate, abokin Baba, ya zo kallon shafen, yana toshe hanci.

"Kai Taju, kifayen nan in sun ji ƙanshin iyayensu ai biyo ku za su yi har gida!"

"To Kawu, ka ga mun huta da jefa koma."

Baba ya yi dariya har da tari. Ni ina ɗaya gefen ina goga tsatsa. Ba wanda ya zagayo.

Ni ke tuƙi. Taju sai ranar hutu yake hawa. A matsayarmu akwai wani wuri da tayoyin da ke kare jirgi daga bango suka yanke suka faɗi, saura siminti tsirara. Nan na koma tsayawa, kuma kullum dama nake jinginawa. In iskar yamma ta taso, ina jin ƙarfen yana gurzar bango. Sai in kunna taba in zauna.

"Ɗan nan, ba ka iya shigowa ta hagu ba ne?" in ji Daeng Rate wata rana.

"Igiyar ruwa ce, Kawu."

Ya dube ni, ya tofar da yawu a ruwa, ya wuce.

Da ruwa ya ɗauke muka jawo jirgin kan tudu. Mutane suka taru, har da mata masu fere kifi, wuƙaƙe a hannu. Hagu ya yi ɗigo-ɗigon tsatsa, irin na kowace shekara. Dama kuwa, a tsakiya fentin ya saɓule, tsatsa ta kwanta ja wur, faɗin tabarma. Gaba da baya sumul suke, amma ido tsakiya yake zuwa.

Baba ya daɗe yana kallo. Ya ciro makulli daga wuyansa ya miƙo mini.

"Magana ɗaya ce. Naka ne."

Na karɓa. Da ɗumin jikinsa a kai.

Taju ya zagayo ya dafa ni. "Barka, Yaya. Dama kai ka san ruwa." Ko ransa bai ɓaci ba. Ya koma ya durƙusa gaban tsatsar, yana kankara da farce yana zubawa a leda.

"Baba, dubi nan. Gishiri bai ci ba, guga ce ba ya jurewa. Garin ƙashin ne ya yi laushi, ko kuma man kifin ya yi yawa."

Baba ya tattare zaninsa ya durƙusa kusa da shi, da ciwon gwiwarsa da komai.

"To in aka ƙara shafe ɗaya fa?"

"Sai mun gwada."

"Akwai ƙofar ƙarfen nan ta bayan gida. Cire ta, mu rataya a ruwa."

Kansu ya haɗu. Daeng Rate ya ce su matsa shi ma ya gani. Na tsaya a gefena, na ce, "Baba, gobe da wane lokaci za mu fita?"

Bai ɗago ba.

"Kai ne mai jirgi. Ka fita lokacin da ka ga dama."