Kitso a Gezar Dokin Jafaru

A wata unguwa da ke bayan Kasuwar Umdurman, an yi wani dare da mutane suka ji baƙon sauti daga lungun da Jafaru mai karo, wato keken dakon kaya, yake ɗaure dokinsa. Wani siririn gunaguni ne, kamar na wanda ya cije abu a baki yana rera waƙa ta hanci, dokin kuma yana amsawa da huci. Da gari ya waye aka ga kitso uku a gezarsa, duk a karkace.

Mai gunagunin kuwa Hajja Awadiyya ce, mai kitso, wadda aka kafa turken dokin a gindin katangarta. Tun tana budurwa haka take aiki, tsinken kitso a haƙora, waƙa a hanci.

Bara ne ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo har ya fi da kaifi, amma yatsu suka ƙi. Matan da suka shekara suna zama tsakanin gwiwoyinta suka koma zuwa gaisuwa da kai a naɗe tam cikin mayafi, don kada ta ga hannun wata a kansu.

Akwai Mawahib, jikar ƙawarta, wadda ta yi karatun wata irin jinya da babu allura a cikinta. Aikinta shi ne ta mayar wa mutum da sana'ar hannunsa bayan ciwo. Daga unguwar Alsahafa ta Khartum take hawo bas ta tsallako gada. Ta kawo ƙwallon roba na matsawa, Awadiyya ta jefa wa kyanwa. Ta ɗaura igiya uku a ƙafar gado, Awadiyya ta ce ita ba ta kitsa matacce.

"To Kaka, ga mai rai can," in ji Mawahib, tana nuna dokin ta saman katanga. "A wurin aikinmu a Khartum akwai waɗanda da doki muke yi musu jinyar. Jikinsa da ɗumi, gashinsa da kauri, yatsa zai ji shi. Dole ki tsaya, dole ki ɗaga hannu. Kuma ba ya gulma."

"Ke, ni da amare ke layi a ƙofata?"

"Sun zo bana?"

Awadiyya ta ɗauke kai. Amma bayan kwanaki, da sawu ya ɗauke, ta fita a ɓoye.

Dokin tsoho ne, fari, idonsa ɗaya kamar madara. Yana ƙin rediyo, yana son dabino. Ya shinshina mataccen hannun ya daɗe, sannan ya sauke mata wuya. Tun daga ranar take zuwa.

Kowace safiya Jafaru yana warware kitson da bisimilla. Ya rataya wa dokin laya, ya yi masa hayaƙi, amma kitson ƙaruwa yake, yana kuma ƙara kyau, abin da ya fi tayar masa da hankali ke nan. Labari ya kai kasuwa. Masu kayan yaji suka ce ba za su ɗora buhunansu a karon da aljana ke wasa da dokinsa ba. Ta katanga Awadiyya ta ji Jafaru yana gaya wa matarsa gobe zai kai shi kasuwar dabbobi. Ta dubi yatsunta, waɗanda yanzu suke iya riƙe kofin shayi. In dokin ya tafi, babu sauran kai a Umdurman da zai tsaya mata.

Washegari da hantsi, lungu cike da mutane, ta fito da tsinkenta da kwalbar mai. Jafaru ya riga ya kwance igiya.

"Ɗana, ina za ka da abokina?"

"Hajja, matsa baya don Allah. Dokin nan yana da baƙuwa."

"Ga baƙuwar a gabanka. Aljana mai hawan jini."

Maƙwabciyarta Rabi'atu ta dafe ƙirji. "Subhanallahi, Hajja! Da girmanki? Kitson dabba?"

"Dabbar ba ta ɓoye mini kanta ba, Rabi'atu. Kuma wadda ta yi miki wannan kitson da ke leƙowa ta ja miki gashi da yawa. Nan da baɗi goshinki zai kai ƙeya."

Wasu suka fashe da dariya, Rabi'atu ta ja mayafi.

Awadiyya ta shafa mai, ta tsaga gezar, ta cije tsinken. Gunagunin ya fito, tsofaffin lungun suka dubi juna, don sun san shi, mantawa suka yi. Hannun yana rawa kowa na gani. Gashin ya suɓuce, ta kama. Ya sake suɓucewa, wata ta ce wayyo. Awadiyya ta waiwaya da tsinken a baki ta harare ta har ta yi shiru, sannan ta fara daga farko. Gumi ya jiƙe mata wuya. Dokin bai motsa ba, ko ƙuda bai kora ba, har kitson ya sauka siriri, a miƙe, ta ƙulle bakinsa da yatsun dama.

Jafaru ya taɓa kitson da ɗan yatsa. "Hajja, ai da kin tambaye ni."

"Yanzu na tambaya. Bayan la'asar, in ya ci ya sha."

"Masu kaya fa? Me zan ce musu?"

"Ka ce su zo su ga aljanar. Tana dafa gahawa."

Ya sosa ƙeya, ya dubi dokin, ya dubi tsohuwar, sannan ya mayar da igiya a turke. Awadiyya ta tsaga sabon layi ba tare da ta kalli kowa ba.

Rabi'atu ta juya wajen matan da ke tsaye a inuwa, ta rage murya. "To in ta gama da dokin, wa cikinmu za ta fara zama?"