Zaren Cikin Wuyan Riga

Sarkin ƙasar ya rasu bai bar ɗa ba, bai bar ƙane ba. To ita kujerar mulkin nan tasu da kanta take zaɓen mai hawanta. Wanda ba nata ba in ya zauna, sanyi ne zai ratsa shi har ƙashi, dole ya miƙe. Manyan fada duk sun gwada, kowa ya tashi haƙora na kaɗawa. Waziri ma sau uku yana komawa.

Ana cikin haka wata rana 'yar mai wankin fada ta kawo labulen zaure da aka wanke. Kumfa ake ce mata, don ba ka ganin hannunta babu sabulu. Shekarunta goma sha bakwai. Ta sauke kaya, ƙafafu sun gaji, ta ga kujera babu kowa, ta ɗan ɗosana. Nan take kujera ta ɗumama, fitilun zauren suka kama da kansu. Yarinya ta miƙe tana ba da haƙuri, amma magana ta riga ta ƙare, ta zama sarauniya.

Mutum ɗaya ne a fadar ya riƙe ta tsakani da Allah, tsohon likitan marigayi. Shi yake karanta mata takardu, don ba ta iya karatu ba, ya kuma nuna mata wadda za ta buga wa hatimi da wadda za ta ajiye. Wannan ya tsone wa Waziri ido.

A mako na uku, ranar zaman fada, aka shigo da likita a ɗaure. Waziri ya ce an bincika akwatinsa an sami farar rigarsa ta fada, irin wadda kowane babba yake sawa, da ƙullin guba ɗinke a cikin aljihu. Ya ce da ita aka kashe marigayi, hukuncin kuma kisa ne, ga takarda nan, hatimi kawai take jira. Likita ya rantse bai san zancen ba, amma muryarsa ta tsufa ba ta kai ko tsakiyar zaure ba.

Kumfa ta dubi takardar. Takarda dai ba ta san kanta ba, mai karanta mata kuma ga shi a ɗaure. Sai ta ce a miƙo mata rigar.

Ku da ba ku taɓa wankin gidaje goma a baho ɗaya ba, ba za ku san wannan ba. Fararen riguna duk kamarsu ɗaya, don haka masu wanki sukan yi wa kowane gida ɗan ƙullin zare a cikin wuyan riga, inda ido ba ya kaiwa. Hannun Kumfa da kansa ya juya wuyan, kamar yadda ya saba. Ta duba, sannan ta aika a kira mata uwarta.

Uwar ta shigo da zani a jiƙe, ta rasa ko durƙusawa za ta yi ko tsayuwa.

“Inna, zaren gidan Baba likita wane iri ne?”

“Shuɗi, ƙulli ɗaya. Ke har kin manta? Au, ranki ya daɗe, na ce har kin manta?”

Aka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa. Uwar ta karɓi rigar ta matso da ita kusa da ido, ta ce wannan baƙi ne, ƙulli biyu, kuma shekara ashirin tana ɗinka shi a rigunan gidan Waziri.

Waziri ya murmusa, ya tambayi fada ko yanzu da shaidar masu baho za a riƙa yanke hukunci.

“Gaskiyarka, Waziri, mu bar shaidarsu,” in ji Kumfa. “Juya mana wuyan rigar da ke jikinka.”

Bawan Allah tun da yake sa riga bai taɓa leƙa cikin wuyanta ba. Ya juya da ƙarfin gwiwarsa, sai ga baƙin zare, ƙulli biyu. Aka juya ta jikin likita, shuɗi, ƙulli ɗaya. Sauran manyan fada kowa ya shiga laluben wuyansa a ɓoye.

Kumfa ba ta sa an kashe kowa ba. Ta karɓe muƙamin Waziri, ta ba shi kwana uku ya bar ƙasar. Da hannunta ta kwance igiyar likita. Tsohon ya kama yi mata godiya, hawaye na bin gemu, ta ce ba ita zai gode wa ba, ga mai aikin can tana neman ƙofa.

Da gaske kuwa uwar har ta kai bakin zaure, wai ta bar kaya a jiƙe. Kumfa ta bi ta da sauri, dogarai na binta a baya, ta riƙo hannun nan da sabulu ya cinye.

“Inna, duk ranƙwashin da na sha a kan zaren nan, na gode.”

Uwar ta dube ta sama da ƙasa, ta gyara mata wuyan riga da ya karkace, ta ce Allah ya yi mata albarka, amma ta gaya wa mai yi mata guga ya rage wuta, yana ƙona mata kaya.