Kututtukan Layin Mahauta

Gali ba mugu ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa. Tun da mahautan layinsu na unguwar Briqueterie suka ba shi shugabancin ƙungiya, bai sake zama ya sha shayi har ƙarshen kofi ba.

Hukumar gari ta ce ko a daina sara nama a kan kututture a koma teburin ƙarfe, ko a rufe layin gaba ɗaya. Gali ya san idan ya kira taro, dattawa za su kwashe wata guda suna gyaran murya. Sai ya sayo tebura a kasuwar Mokolo, ranar Juma'a ana masallaci ya sa aka kwashe kututtukan, ya ba masu tsire su yi makamashi. A ransa, idan sun ga ƙarfe yana walƙiya za su huce.

Abin da ya manta shi ne, a layin nan ba a sayen kututture, gadonsa ake yi. Na baffansa Abdulbaƙi kakansu ne ya fara sara a kai.

Tsohon ya dawo ya tarar da nasa an faskare shi, rabi yana ci da wuta. Ya tako har gaban Gali, barandami a hannu.

"Baffa, bari in yi maka bayani."

"Da ka yi shi jiya, ɗana."

Da ƙotar ya buge shi a baki. Gali ya faɗi kan sabon tebur, haƙori ya yi tsalle. Tsoro ya kama shi sosai, amma ba don kansa ba: ya hango samarin da ke goyon bayansa sun zaro wuƙaƙe, 'ya'yan dattawa ma sun zaro nasu. Ya yi ta cewa a tsaya, amma jini ne kawai ke fita daga bakinsa. Aka sari Taufiƙ, ƙanensa, a kafaɗa. Aka kife tebura, nama ya zube a kwata, mata masu cefane suka watse ba takalma.

Jandarmomi suka zo suka rufe layin da sarƙa, daga farko har ƙarshe. Gali yana zaune a bakin titi da tsumma a baki aka wuce da baffansa cikin mota. Tsohon bai ko kalle shi ba, rumfarsa yake kallo.