Shaidar da Waya Ta Bayar

Maman yara ta dangwarar da wayarta a teburin likita kamar wadda ta kama ɓarawo da kaya a hannu.

"Likita, ga shaida, tunda ya rantse ba ya minshari."

Mijinta na zaune a kujerar marar lafiya, ya yi tsuru-tsuru. Yaransa ma Janareta suke ce masa a bayan ido. Ita kuwa tura ta kai bango: kullum da ciwon kai take tashi, da rana ta yi ta gyangyaɗi a kan keken ɗinki, har ta taɓa ɗinke wa wata mata bakin aljihu ruf. Ta riga ta yanke hukunci, ko a yi masa magani ko ya kwashi filonsa ya koma falo. Jiya ta kunna ɗaukar murya, ta ajiye wayar tsakanin filo biyu, ta yi kwanciyarta.

"Kin saurara?" in ji likita.

"In saurari me? Abin da na yi shekara da shekaru ina sha?"

Likita ya danna. Wani gurnani ya cika ɗakin, har nas ta leƙo. Can sai ya yanke ɗif. Shiru, shiru, sannan aka ja numfashi da shaƙewa.

"Kun ji shirun nan?" in ji likita. "Numfashi ne ke tsayawa cikin barci. In aka bar shi yana taɓa zuciya, amma yana da magani."

"Ka ji ko?" Ta harari mijin.

Gurnanin ya dawo. Sai ga wata murya a kansa, a hankali, muryar da ko cikin kasuwa za ta gane:

"Maman yara, juya ta gefe. Yi numfashi mana."

Minsharin kuwa bai fasa ba.

Kunya ta rufe ta, tsoro ya biyo baya. Ta tuna yawan gwiwar hannun da ta zuba wa bawan Allah a haƙarƙari.

"Tun yaushe?" ta ce, ba ta dube shi ba.

"Tun cikin auta."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa sau ɗaya. Kwana uku ba ki yi mini magana ba."

Ya miƙe, ya kaɗe kujerar da tafin hannu, ya koma gefe ya tsaya. Ta zauna, ta gyara mayafi.

"Likita, a ɗan rage ƙarar," ta ce. "Akwai mutane a waje."