Gaisuwar Mutum Ɗari Takwas

Karo na uku ke nan Malama Bilkisu ta ƙwanƙwasa tsohuwar garmar da ta rataye a reshen tsamiya, alamar lokacin mai magana ya ƙare, Malam Iliyasu kuwa bai wuce gaisuwa ba.

"Baba, minti uku ne fa," ta ce. "A Abuja kashe maka lasifika za su yi."

Shi da wani matashi, Tahir, ƙungiyar manoman ƙauyensu, can bayan Minjibir, ta zaɓa su je babban taron ƙasa. Bilkisu ta taɓa zuwa, shi ya sa take koya musu tsarin: ka ɗaga hannu, shugaba ya ba ka dama, ka faɗi ƙudirinka, wani ya goya maka baya, sannan a kaɗa ƙuri'a. Ƙudirin Malam Iliyasu ɗaya ne, a adana jan geron kakanni. Duk yankin rumbunsa kaɗai ya rage da irin, shi kuma ƙarfin noma ya fara barinsa.

Ya sake miƙewa. Da ya lumshe ido sai ga zauren taron ya zame masa gona, kawunan mutane na kaɗawa kamar zangarniya a iskar marka. Wancan daga bakin teku ya taso, wannan daga kan duwatsu, kowa ya baro damina a gida. Ta yaya zai roƙe su abu bai tambayi lafiyarsu ba?

"Shugaba, jama'a, ina kwananmu? Ya hanya? Ya aka baro iyali? Ya ruwa a wajenku?"

Garma ta yi ƙara.

Tahir ya tuntsire da dariya. "Baba, ni da zan goya maka baya, gaisuwar zan goya?"

"Kai dai ba a yi maka tarbiyya ba."

"Ko gaisuwa ko gero, Baba," in ji Bilkisu. "Dokar ba ta ɗaukar biyu."

Malam Iliyasu ya zauna, ya laluba aljihu, ya zaro ɗan ƙullin irin yana jujjuyawa. Can ya ɗago.

"'Yar nan, a bakin ƙofar zauren ma akwai mai buga garma?"

"Babu."

"Mutum nawa ke zuwa?"

"Wajen ɗari takwas."

Ya mayar da ƙullin aljihu. "Tahir, a motar Laraba za mu tafi, ba ta Alhamis ba. Ka zo mini da tabarma, a bakin ƙofa zan gama gaisawa da su." Ya miƙe ya ɗaga hannu, ya jira har Bilkisu ta gyaɗa kai.

"Shugaba, ina gabatar da ƙudiri."