Lilon da Ya Cinye Mashanya

A gabana aka ƙulla cinikin, ƙarƙashin mangwaron bakin tafki. Bambo Chingwalu, shugaban ƙaramar hukumarmu, yana kan kujerar roba yana share gumi. Abiti Mkwanda, shugabar mata masu shanya ƙananan kifin nan usipa, tana kan tabarma ta miƙe ƙafafu. Ni kuwa tafinta aka kira ni, don shekarun da na yi ina jan babbar mota zuwa biranen ƙetare irin su Beira da Joni sun bar mini ɗan Turanci a baki, ko da yake ban wuce aji uku ba.

"Inna, magana ɗaya ce," in ji Chingwalu. "Ku bar mana tudun nan da kuke shanya a kai. Za a kafa lilo mai juyawa kamar ƙafar keke, tsawonsa ya fi bene goma sha biyar. Turawa za su zo su hau, su hango har duwatsun Mozambik. Ku kuma a gina muku rumfuna ashirin a gindinsa, ku soya kifi ku sayar musu."

"Wanda muke shanyawa fa, ranka ya daɗe? A kan sanƙon Che Bwanali za mu baza shi?"

Mata suka kwashe da dariya. Ni ne Che Bwanali. Abiti taubashiyata ce, uwarta ƙanwar ubana, kuma tun muna yara ba ta taɓa barin kaina ya huta ba.

"Sanƙon nan ya fi ƙarfinki, tsohuwa," na ce. "Tun kina da haƙora kike nema ba ki samu ba."

Chingwalu ya ce an ware musu fili a bayan kasuwa. Ana cikin haka injiniyan da zai kafa lilon ya sa baki. Bature ne, ya zo a watan Nuwamba, lokacin da tafki ke kwance lamui kamar mai a kasko, ya yi mako biyu yana auna iska da wata 'yar fanka a kan sanda. Ya ce in tambaye su, ana samun iska a nan a wasu watanni?

"Gaya masa," in ji Abiti, "ba don kyan wuri kakanninmu suka zaɓi tudun nan ba. In iskar nan ta mwera ta taso, kifin da aka baza da hantsi kafin la'asar ya bushe ƙarau. Ko akuya sai ta durƙusa."

Na buɗe baki, sai idona ya haɗu da na Chingwalu, ya haɗu da na mai gari da ke zaune a gefe. A garinmu ba a faɗa wa baƙo aibin gari. In ya tambayi ruwa, mai daɗi ne. Hanya, an kusa gyarawa. Sauro, ai ba yawa. In ya zauna ya gane da kansa, sai a yi dariya tare. Haka na taso na ga ana yi. Sai na ce wa Baturen, "Ta ce akwai iska mai daɗi da sanyi."

Ya yi murmushi ya rubuta. Abiti ta dangwala yatsa a takardar cinikin. Abin da ban lissafa ba, wannan baƙon ba mai zama ba ne. Bayan kwana biyu ya hau jirgi.

Abin ya tsaya mini a rai, bayan mako guda na sami Chingwalu a ofis na faɗa masa gaskiyar abin da ta ce.

"Haba Baba, ai na ji ta da kunnena," in ji shi. "Takarda ta riga ta tafi babban birni Lilongwe, so kake in bi ta da gudu? Ƙarfe ne fa, ba zanin shanya ba."

Shekara ɗaya da 'yan watanni ana gini. Aka buɗe a watan Maris da kiɗa da rawa, har ni na hau sau ɗaya, na ga duwatsun Mozambik ɗin, na sauko. Abiti ta ce wa mata wai sanƙona ta hango a sama ta zaci wata ne ya fito da rana.

Watan Mayu mwera ta iso. Ashe akwai wata na'ura a jikin lilon, da iska ta kai wani ƙarfi sai ta tsayar da shi cak, ba wanda ya isa ya tayar. A tudun nan kuwa iska tana kai wannan ƙarfin tun kafin a gama karin kumallo. Su kuma Turawa ba sa zuwa sai Yuni zuwa Agusta, lokacin sanyinmu, lokacin mwera ke nan. Mota ta sauke su, su ɗaga kai su dubi ƙarfe yana kuka, su riƙe hulunansu, su koma mota. Watannin da lilon zai iya juyawa kuwa, daga zafi sai ruwan sama, sai ɗaliban makaranta da sabbin ma'aurata.

A rumfunan, iska ta riƙa watsa yashi cikin man suya. Filin bayan kasuwa kuma kwari ne, ko ganye ba ya motsi. Kifi ya yi kwana uku a baje, ya yi jaja-jaja, ƙuda ya rufe shi. Fataken Lilongwe su ɗebo, su sansana, su mayar, su wuce gaɓa ta gaba. Mata arba'in da wani abu ne a da. Kafin shekara ta zagayo rabi sun watse, wasu wankau, wasu saran itace.

Ranar da ta fi ci mini rai, wata Baturiya ce ta tsayar da ni da littafi a hannu. Ta nuna mini hoto: tudunmu ne na da, gadajen kara jere har bakin ruwa, usipa na walƙiya kamar an zuba azurfa, ga mata na juyawa da hannu. Ta ce wannan ta zo gani, ina yake? Abiti na tsaye kusa. Wannan karon na fassara daidai, ban rage ko kalma ba.

Abiti ta daɗe tana kallon hoton. "Ga ni nan, mai jan ɗankwali," ta ce. "Gaya mata tana tsaye a kai."

Washegari na raka ta wurin Chingwalu. Roƙonta kaɗan ne: watanni huɗun da lilon ke tsaye, a bar su su baza kifi cikin shingen da aka zagaye lilon da shi, tunda fili na nan iska na nan.

Ya rame, ya daina sa kwat. "Inna, filin ba a hannuna yake ba. An ba kamfani hayar shekara talatin. Wasiƙa uku na rubuta, ba amsa. Ni kaina sai da tikiti mai gadi ke barina in shiga."

"To wa za mu gani, ɗana?"

"Da na sani da ni na fara ganinsa."

A hanyar komawa muka iso gindin mangwaron. Ta tsaya.

"Che Bwanali, ran nan da na yi maganar mwera, Baturen murmushi ya yi. Me ka gaya masa?"

Na faɗa mata. Na tsaya ina jiran zagi, wallahi da ta zage ni da na ji sanyi. Sai ta gyara ɗankwali ta ɗan rusuna.

"Sannu da ƙoƙari, malam. A gaida gida."

In ana maganar wanda ya ci riba, kamfanin da ya sayar da ƙarfe ya ci, injiniya ya ci, masunta ma sun sami abin saiti in suna dawowa daga tsakiyar ruwa, tsuntsaye sun sami wurin sheƙa. Chingwalu ya faɗi zaɓe. Mata sun rasa mashanyarsu sai nan da shekara talatin, lokacin da ba Abiti ba ni. Ni kuwa, kullum muna haɗuwa a bakin kasuwa, ta gaishe ni da ladabi kamar baƙo, ta tambayi iyali, ta wuce. Shekara biyu ke nan ba wanda ya taɓa sanƙona.