Gwangwanayen Yazidu

Ƙanwata Bibata ta dawo daga Yamai an yanke mata nono ɗaya, ciwon daji. Ta samu sauƙi, har tana zama ƙofar ɗaki tana tsintar shinkafa. Daga baya ƙashin bayanta ya soma ciwo.

Ɗanta Yazidu direba ne, kullum yana kan gadar Malanbil ta bakin iyaka. Irin yaran nan ne da in sun ji magana a tasha, shi ke nan sun gama karatu. Wani mai tallan magani ya ce masa ciwon ƙashi kalsiyom yake so. Ya ciko katan biyu da gwangwanayen kalsiyom, ya jera su bisa tebur daidai ƙofa, don duk wanda ya zo dubiya ya ga ɗa na gari. Safe da yamma yana ɗura mata.

Sai ƙishirwa ta kama ta, fitsari ba iyaka, ciki ya ɗaure. Don kada ta jiƙa katifa gaban baƙi, ya sa aka ɗauke tulun ruwa daga ɗakin.

Ran da na je, ta dube ni ta ce, "Malam, wa kake nema?"

Ni da na goya ta a bayana.

"Iskokin kogi ne, Kawu," in ji Yazidu. "Akwai mai magani a Tunuga."

"Iskan yana nan tsaye da makullin mota a hannu. Ɗauko ta mu tafi asibiti."

Likita ta ɗebi jini. Da sakamako ya fito ta ce kalsiyom ya yi mata yawa a jini, shi ya juya mata kai. Ta ce cikin masu ciwon daji goma, biyu ko uku sai sun gamu da wannan, don ciwon da kansa yana narka ƙashi ya zuba cikin jini.

"Me kuke ba ta a gida?"

Yazidu ya tsaya kallon takalminsa. Ni na faɗa.

"Ruwa fa?"

Wannan ma ni na faɗa.

Aka ɗaura mata ruwa, leda bayan leda. Ciwon dajin yana nan, likita ba ta ɓoye mana ba. Amma wata safiya Bibata ta buɗe ido ta ce, "Yaya Halidu, ba ni ruwa."

Ina riƙe mata kofin, ina jin Yazidu a waje yana gaya wa 'yan dubiya cewa tun farko shi bai yarda da maganar iskoki ba.